Hoto Ya Nuna Tabo a Ƙwaƙwalwa: Ƙari Ne Ko Tarin Fuka?

Garin Panda yana arewa da Keffi, cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, kuma galibin mutanensa manoma ne. A irin wannan gari, idan magidanci ɗan shekara 40 wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, ko kuwa ciwon kai ya addabe shi wata da watanni har gani ya soma dushewa, abin da 'yan'uwa kan fara kawowa a rai shi ne iska ko jifa. Sai a shiga neman taimako wurin malamai da masu maganin gargajiya. Sa'ad da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sa'an nan ne a kan nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, inda likita zai ce lalle sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Daga nan kuma sau da yawa tafiyar sai ta miƙe zuwa Abuja, wadda ke da nisan kimanin kilomita 50 daga Keffi.

Hoton ya fito, likita ya ɗaga shi ya nuna wa dangi wani tabo mai kama da zobe a can cikin kai. Su a ganinsu an zo ƙarshen magana, tun da gani ya kori ji, saura kawai a rubuta magani. Amma sai su ji likita ya ce a'a, akwai sauran aiki: ana bukatar a huda ƙoƙon kai, a zura allura, a tsakuro ɗan nama daga tabon nan a kai ɗakin gwaji. A daidai wannan gaɓa ce iyalai da yawa kan tattara majinyacinsu su koma gida, ko dai don tsoro, ko don kuɗi sun ƙare, ko don ba wanda ya zauna ya warware musu dalilin aikin.

Hoto ba ya faɗin sunan cuta

Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa iri biyu ne aka fi sani. Akwai siti-sikan, wadda ke aiki da hasken eksire, akwai kuma na'urar maganaɗisu da likitoci ke kira em'arai, wadda ta fi fito da abu dalla-dalla. Dukansu biyu suna nuna inda tabo yake, da girmansa, da irin kumburin da ya jawo a kewayensa. Abin da ba kullum suke iya faɗi ba shi ne ainihin abin da ke cikin tabon. Cututtuka da dama, waɗanda ba abin da ya haɗa maganinsu, suna iya fitowa a hoto da kama ɗaya, watau zobe mai haske da duhu a tsakiya.

Na farko da likitan ƙasar nan zai yi tunani shi ne tarin fuka. Jama'a sun san shi a ƙirji, amma ƙwayar cutar takan bi jini ta kai ƙwaƙwalwa ta dunƙule ta zama curi, ko da majinyaci bai taɓa yin tari ba. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen duniya da suka fi yawan masu tarin fuka. Wannan curi yana warkewa da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta a cibiyoyin gwamnati, ko da yake sai an yi kamar shekara guda ana sha ba fashi.

Har ila yau akwai ƙurji mai tara mugunya, wanda kan samo asali daga ciwon kunne ko na hanci da aka yi wa sakaci. Akwai toksofilasma, wata ƙwayar cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, wadda takan kwanta lamo a jiki har sai garkuwa ta karye, musamman ga mai ƙanjamau da ba ya shan magani. Akwai kuma tsilar alade, wadda 'ya'yanta kan shiga ƙwaƙwalwa su zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da wannan tsila ta yi katutu, ita ce sanadin kimanin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Kada mai karatu ya ce shi ba ya cin alade, don haka ya tsira. Ba ta naman take kaiwa ga ƙwaƙwalwa ba, ta ƙwayayen tsilar ne da ke fita a bahayar mai ɗauke da ita, su gurɓata ruwa ko ganye ko hannun mai abinci. A 1992 likitoci a Amurka sun ba da rahoton samun cutar a gidajen Yahudawa masu riƙo da addini a birnin Niyok, mutanen da ba su kusantar alade ko kaɗan, aka kuma danganta abin da masu yi musu aikin gida da suka fito daga ƙasashen da tsilar ke da yawa.

Sa'an nan ga dangin ƙari da sankara. Akwai giliyoma, wadda ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, wata mai tafiyar hawainiya ce, wata kuwa mai gaggawa. Akwai limfoma, wadda ba a cika yi mata fiɗa ba, da magunguna ake yaƙarta. Akwai kuma sankarar da ta taso daga huhu ko mama ta yi ƙaura zuwa kai.

To, a nan ne hatsarin yake. Idan aka ɗora mai sankara a kan maganin tarin fuka bisa zato, zai yi watanni yana haɗiyar ƙwayoyi masu wahalar da hanta, alhali kuwa ƙarin yana ta girma har lokacin taimako ya wuce. Idan kuma aka ɗauki curin tarin fuka a matsayin sankara, sai a gasa ƙwaƙwalwar mutum da haske a banza, ko kuma a ce wa dangi su koma gida su yi ta addu'a, a kan ciwon da ke da magani kyauta a asibitin garinsu. Duk wanda ya auna waɗannan kurakurai biyu zai gane dalilin da ya sa likita ke nacewa sai ya ga naman da idonsa a ƙarƙashin madubin likita.

Ba a ce kowane tabo sai an tsakure shi ba. Mai ƙanjamau da hotonsa ya yi kama da toksofilasma, a kan fara ba shi magani na kamar mako biyu a sake hoto, sai in tabon bai ragu ba a yi maganar allura. Tsilar alade ma galibi hoto da gwajin jini sun isa a gane ta. Ƙarin da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, watau meninjiyoma, wanda likitocin Nijeriya ke yawan gani, kai tsaye a kan buɗe kai a cire shi. Haka duk ƙarin da ya yi girma har yana danne ƙwaƙwalwa. Idan kuwa tabon dunƙulen jijiyoyin jini ne, ba a kusantarsa da allura sam. Allura tana da amfani ne inda tabo ya yi zurfi, ko ya zauna kusa da mazaunin magana ko motsi, ko tabban suna da yawa, ko majinyaci ba zai iya ɗaukar babbar fiɗa ba.

Yadda ake yin aikin

Matsalar da likita ke fuskanta ita ce yadda zai sami abu mai girman gyaɗa a cikin rufaffen ƙoƙo ba tare da ya yi lalube ba, domin lalube a ƙwaƙwalwa yana iya raba mutum da magana ko da ɓarin jiki. Dabarar da aka gano ita ce ta awo. Da safe a kan yi wa majinyaci allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi, biyu a ƙeya, a ɗaura masa wani firam na ƙarfe da ƙusoshi huɗu masu kama ƙashi, yadda ba zai motsa ba ko kaɗan. Da firam ɗin a kansa za a shiga da shi na'urar hoto. Tun da sandunan firam suna fitowa a hoton tare da tabon, kwamfuta takan lissafa lambobi uku: nisan tabon daga dama zuwa hagu, daga gaba zuwa baya, da kuma daga sama zuwa ƙasa.

A ɗakin fiɗa sai a ɗora wani baka na ƙarfe a kan firam, a saita shi da lambobin nan uku yadda tabon zai zama shi ne cibiyar bakan. Mai karatu ya tuna da wayoyin ƙafar keke, ta duk inda aka bi waya daga baki sai an isa cibiya. Haka allurar take, ta kowace kusurwa aka zura ta a kan bakan, a tabon za ta tsaya. Wannan ne ke ba likita damar zaɓen hanyar da ta kauce wa jijiyoyin jini da wurare masu hatsari. Kuskuren awon bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba.

Hujin da ake yi a ƙoƙon kai ƙarami ne, wani lokaci milimita kaɗan, in ya yi faɗi bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Allurar kuma kaurinta kamar milimita 2 ne, bakinta dakusasshe don ta ture jijiya maimakon ta yanke ta, tana da 'yar taga a gefe. Idan ta isa, sai a ja sirinji naman ya shigo tagar, a juya bututun ciki ya datse shi. Abin da ke fitowa bai fi ƙwayar shinkafa ba. A kan ɗebi guda uku ko huɗu ko fiye, daga gefen tabo da kuma cikinsa, domin tsakiyar ƙari sau da yawa mataccen nama ne da ba ya nuna komai. Abin mamaki, naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafin yanka, fata da tantani ne ke ji, shi ya sa a kan iya yi wa babban mutum aikin ido biyu, yana magana da ma'aikatan jinya. Yara da waɗanda ba za su iya natsuwa ba su ake sa wa barci.

Inda aiki ya tsaru, likitan gwajin nama yakan murje ɗan guntu a kan gilashi nan take, cikin mintoci kaɗan ya aiko da labari ko an sami abin da ake nema, don kada a rufe kai da nama marar amfani. Sauran a jefa wani a ruwan fomalin don cikakken bincike, wani kuma a aika da shi ba fomalin don neman ƙwayoyin cuta, har da gwajin GeneXpert na tarin fuka. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai, domin fomalin yana kashe ƙwayar cuta, ba za a iya renonta a gwaji ba. Bayan aiki a kan sa ido a kan majinyaci, sau da yawa a sake hoto don a tabbata ba jini, kashegari ko bayan kwana biyu a sallame shi. Cikakken sakamako kuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Daga biri zuwa ɗan Adam

Dabarar ta girmi na'urorin hoton da take dogara da su yanzu. A 1908 wani likitan fiɗa na Ingila, Victor Horsley, da abokin aikinsa Robert Clarke, suka bayyana na'urar awo da suka ƙera don binciken ƙwaƙwalwar birai. Sai a 1947 Ernest Spiegel da Henry Wycis suka bayyana irinta ta mutane a birnin Filadalfiya na Amurka, kana a 1949 Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya fito da firam mai baka wanda har yau ake aiki da shi da sunansa. Amma a wancan zamani eksire ƙashi kawai yake nunawa sosai, tabo ba ya fitowa sarai.

Abin ya canza ne ranar 1 ga Oktoba, 1971, ranar da Nijeriya ke bikin cika shekara 11 da samun mulkin kai, sa'ad da aka ɗauki hoton kan wata mata a Asibitin Atkinson Morley na Landan da na'urar da Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙirƙiro. Ita ce siti-sikan ta farko da aka yi wa majinyaci. A 1979 aka ba Hounsfield da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, kyautar Nobel saboda wannan. Ba a jima ba aka haɗa firam da sabon hoton, har ma a 1985 a Kalifoniya aka yi amfani da hannun mutum-mutumi ya riƙe majagorar allurar tsakuro naman ƙwaƙwalwa, aikin da ake lissafawa cikin na farko-farko da mutum-mutumi ya sa hannu a fiɗa. Daga 1986 aka soma hanyar da ba ta bukatar firam. A yau kyamara ce ke bin allura tana nuna ta a kan hoton majinyaci a allon kwamfuta, kamar yadda taswirar wayar hannu ke nuna wa direba inda yake.

Daji da ƙarfe

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Gaskiyar al'amari ita ce yaɗuwar ƙari ta hanyar da allura ta bi abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai. Abin da ke jawo zargin shi ne majinyata kan zo a makare, idan suka rasu bayan 'yan makonni sai a ɗora wa allura laifin da na cuta ne.

Ba a ce babu hatsari ba, kuma likitan da ya ɓoye wannan bai kyauta ba. Babban abin tsoro shi ne zubar jini a cikin kai. Wani likita a Amurka, Walter Hall, ya tattara rahotannin irin wannan aiki guda 7,471 ya wallafa a 1998. Ya tarar an gano cutar a kashi 91 cikin 100, an sami matsala a kashi 3.5, waɗanda suka rasu kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Watau kusan mutum ɗaya cikin goma ba a samun amsa, sai an maimaita ko an buɗe kai. Saboda rage hatsarin ne ake auna daskarewar jini, a daidaita hawan jini, a kuma dakatar da asfirin da danginsa kwanaki kafin aiki bisa umurnin likita.

Wani abu da ya kamata a yi ta shela a kai shi ne maganin deksametazon. Yana rage kumburin ƙwaƙwalwa, ciwon kai ya lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, ga shi da araha a kowane kemis, har waɗansu mata kan sha shi don neman ƙiba. Amma idan ciwon limfoma ne, wannan magani yakan narkar da ƙarin na ɗan lokaci, allura ta je ta dawo ba komai, bayan 'yan makonni ciwo ya dawo da ƙarfinsa ba a san sunansa ba. Don haka tilas dangi su gaya wa likita duk abin da majinyaci ya sha, na kemis da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba.

Halin da ake ciki a gida

Fiɗar ƙwaƙwalwa ta kafu a Nijeriya a 1962, sa'ad da Dokta Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya buɗe sashenta a Asibitin Koyarwa na Ibadan, inda ya yi aiki har rasuwarsa a 1974. A Arewa, Cibiyar Fiɗar Ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa, ta horar da likitoci da dama. Akwai sassan wannan fanni a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitocin koyarwa na Gwagwalada, da Jos, da Zariya, da kuma na Malam Aminu Kano. Duk da haka ƙwararrun 'yan kaɗan ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke.

Samun likita ma ba shi ne samun aikin ba. Ba kowane asibiti mai likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ne ke da firam ko na'urar jagora ba, kuma ana bukatar na'urar hoto mai lafiya, da wutar lantarki tsayayya, da likitan gwajin nama da ya san ƙwaƙwalwa. Inda babu firam, likita kan yi huji ya yi amfani da na'urar sauti irin wadda ake duba masu juna biyu da ita don ya ga tabon, ko ya yi 'yar ƙaramar fiɗa ya ɗebo naman, ko kuma ya gwada maganin tarin fuka ya gani. Gwajin magani ba laifi ba ne idan dalilai sun nuna haka, amma wajibi ne a sa masa wa'adi, a sake hoto bayan makonni shida zuwa takwas, kada a bar mutum shekara guda a kan zato. Ko a nan ma sai an yi hattara, domin curin tarin fuka yakan ƙara girma a farkon magani kafin ya soma raguwa.

Ɓangaren gwaji shi ma ya yi gaba ya bar mu. Tun daga 2016, kuma musamman a kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ba a rarrabe ƙarin ƙwaƙwalwa da kamanninsa kawai, sai an binciki ƙwayoyin halittarsa. Ƙari biyu masu kama ɗaya a madubi, ɗaya mai shi yana iya yin shekaru masu yawa, ɗaya kuwa, watau giliyobilastoma, ko da fiɗa da gashi da magani matsakaicin rayuwa bai fi wata 15 ba. Irin wannan labari yana da ɗaci, amma iyalin da suka san shi sun fi sanin ko za su sayar da gona ko za su bar wa marayu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, amma manomin karkara har yanzu daga aljihunsa yake biyan hoto da gwaji da kuɗin mota. Ya kyautu gwamnatocin jihohi da ke gasar gina manyan asibitoci su tuna cewa firam ɗaya da aka kula da shi yana yin shekaru yana aiki.

Alamomin da bai kamata a yi jinkiri a kansu ba su ne farfaɗiyar da ta fara wa babba a karon farko, ciwon kai da ke tsananta da asuba tare da amai, raunin hannu ko ƙafa da ke ƙaruwa sannu a hankali, dushewar gani, da canjin hali ba gaira ba dalili. Duk wanda aka tura asibitin gaba ya tafi da faifan hotonsa, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin da faifan ake tsara hanyar allura. Bayan an yi aiki kuma, naman da aka tsakuro ana adana shi cikin ɗan dunƙulen kakin da ba ya lalacewa shekara da shekaru. Dangi suna iya neman a ba su dunƙulen da gilasan gwajin su kai wani ɗakin bincike a sake dubawa, ba sai an sake huda kan majinyaci ba.